Kazar Inna Maijidda

Baban Mirabel,

Na tafi coci. Bayan Mas, Fada zai kai matan zumunta gaishe da marasa lafiya. Ban so in tashe ka ba.

Kazar da ke ɗaure bayan kicin, don Allah kada ka yanka ta da kanka. Ka kai wa Malam Nagoda mahauci.

Jiya mu matan zumunta mun kai wa Inna Maijidda farfesu, tsohuwar nan ta Kwangila da aka sallamo daga asibiti, ba ta da kowa. Ta yi ta sa mana albarka, ta rufe kwanon, ta ce sai an jima. Muna fita maƙwabciyarta ta ja ni gefe: "Wa ya yanka?" Na ce kai ne. Ta ce to, Inna ba za ta ci ba.

Ga shi sai ta ci abinci take shan magani. Ni da aka haifa a Tudun Wada, bai kamata wannan ya shige mini duhu ba.

In na dawo zan dafa, mu je tare, ka gaya mata wanda ya yanka. Ita ba za ta taɓa tambaya ba. Ta gwammace ta kwana da yunwa da ta ba mu kunya.

Suzana