Mijina Karin Magana Yake Nomawa

Gwaggo Célimène,

Don Allah ki agaza mini. Ba ni da inda zan kai kuka, domin duk ƙauyenmu 'yan amshin mijina ne.

Sunansa Philogène, manomin gahawa ne, in dai mai wuni a gindin mangwaro manomi ne. Kakarsa ce ta rene shi. Ba ta bar masa gonar kirki ba, amma ta bar masa karin magana buhu-buhu, har Mai Hikima ake ce masa a nan Marmelade. In akuyar wani ta ci masarar wani, wurinsa ake zuwa. Sai ya gyara malafa, ya jefa guda ɗaya, kowa ya ce, "Kai, Philogène!" a watse ba a san wa aka ba gaskiya ba.

Ni kuwa da karin maganganun nan nake kwana, da su nake tashi. Na ce masa rufin kwano yana zuba a kan gadon yara, ya ce, "Gida mai yoyo rana yake yaudara, ba ruwan sama ba." Na ce na ji, hau ka toshe mana. Ya ce kaɗan-kaɗan tsuntsu ke gina sheƙa. Tsuntsun nan, Gwaggo, damina ta zo ta wuce bai ɗauko tsinke ɗaya ba. Ni na hau da guduma, shi yana ƙasa riƙe da tsani, yana koya wa maƙwabta cewa hannu da yawa ke rage nauyin kaya.

Duk wannan na shanye. Abin da ya fi ƙarfina shi ne maganar 'yarmu Wideline. Ta ci jarrabawar shiga makarantar ungozoma a birnin Cap-Haïtien. Matar da ta riƙe ta ranar baftisma tana can, ta ce ɗaki yana jiranta, farkon wata kuma ake shiga aji. Yarinya ta je ta gaya wa ubanta, ya dubi sama ya ce, "Bayan dutse akwai wani dutsen." Ta ce, "Papa, in tafi ko kar in tafi?" Ya ce kare ƙafa huɗu gare shi, amma ba ya bin hanya huɗu. Ta fito tana kuka. Wai don ƙanensa Exumé ya tafi birni tun muna sabon aure, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. To Exumé mashayi ne, me ya haɗa shi da 'yata?

Ranar Asabar aka yi gayyar noma a gonar maƙwabcinmu. An tashi ana cin shinkafa da wake, kwalbar barasar rake tana zagayawa, sai ga nawa ya miƙe, shi da fartanyarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba, yana cewa dutsen da ke cikin ruwa bai san azabar dutsen da ke rana ba. Ban san lokacin da na ajiye ludayi ba. Na ce, "Gaskiyarka, Mai Hikima, wa ya kai ka sanin ruwa? Mu duwatsun rana muna gaisuwa. Ai buhun da babu komai ba ya tsayuwa, shi ya sa kullum kake zaune." Maza suka kwashe da dariya har wani ya ƙware. Ya ɗauki malafarsa ya wuce gidan yayarsa, har yau bai dawo ba. Wideline kuma ta ce ba ta taka ƙafa sai da albarkarsa. Danginsa sun ce in je in durƙusa. In durƙusa wa ganga don ta iya ƙara?

Dutsen Rana, Marmelade

Ya ke Dutsen Rana,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Irin mijinki kowace kasuwa akwai guda: ya mai da maganar magabata laima, da an ambaci aiki sai ya buɗe ta. Tsofaffin da suka faɗi zantukan nan sai da hannunsu ya yi kanta suka faɗe su, tsakanin sara da sara. Wanda ya ari bakinsu ya bar fartanyarsu aku ne kawai.

Amma kada ki yi saurin tafa wa kanki. Kin tsani karin maganarsa, kin kuma rama da karin magana, gida ɗaya aku biyu. Me kika samu? Dariyar mazan da ko ɗayansu ba zai raka 'yarki tasha ba. Abu ɗaya mijinki ya mallaka a ƙauyen nan, bakinsa, shi kuma kika fasa a gaban tukunyar wake. Mai duka yana mantawa, mai tabo ba ya mantawa. Kin ga har ni kun shafa mini cutar.

Maganar Exumé da kika wuce ta a guje, nan gizo ke saƙar. Mutumin nan tsoro yake ji, kuma gara masa ya ambaci kare da dutse da ya ce "ina tsoro" a gaban matarsa. Ragwanci ne, amma ba ƙiyayya ba ce.

Ki je gidan yayarsa ke kaɗai. Ki ba shi haƙuri a kan inda kika yi maganar, ba a kan abin da kika faɗa ba; durƙuso ba dole ba ne. Uwar baftismar nan ta zo da ƙafarta ta gaya masa inda yarinya za ta kwana da hanyar da za ta riƙa bi. In so samu ne, shi ya raka ta, ya ga ɗakin da idonsa, ya dawo ya cika wa abokansa baki. Sannan Wideline ta sake tambayarsa, ta ce kalma ɗaya take so, e ko a'a. In ya kuma jefo wani karin, ta gode masa ta ɗaure kayanta. Wanda bai iya cewa a'a ba bai hana ba. Matan da naƙuda ke kamawa a hanyar asibiti ba su da lokacin jiran ku biyu ku gama gasar baki.

Allah ya sanyaya gidanku, ya sa Wideline ta yi hannun sa'a.

Gwaggo Célimène