Kullum Sabi'u Ne Gawa

Talatu ƙanwata,

Salamu alaikum. Ya gida, ya ciwon ƙafar taki? Ya maigidan da yara, ya zaman Kaduna? Mu nan Bunkure lafiya lau, sai cirar tumatir.

Autana Sabi'u ya zo hutu daga wajen horon soja can Kaduna wajenku, wai suna gamawa Darfur za a kai su. Ya rame kamar kara. A bakin kanal ɗin ban ruwa ya same mu yana ba mu labari, wai gudun asuba, rarrafe cikin taɓo, wake rabin dahuwa. Duk wannan bai dame ni ba, noman rani ma wahala ne.

Abin da ya tsaya mini a rai, wai ana koya musu ɗauko wanda aka harba, kuma da yake ya fi kowa rashin nauyi, kullum shi ake sawa ya zama gawar. Har ya kwanta a kan buhu ya gwada mana, ya rufe ido, ya saki hannuwa, masu cira suna ta dariya. Talatu, sak ubansa ranar da aka fito da gawarsa.

Na ce, "Tashi, ɗan banza!"

Ya ce, "Haba Inna, ai ni ke hutawa, su ke dako."

Ni ba na so jikinsa ya saba da wannan kwanciyar.

Ki taya ni addu'a, ki gaida kowa da kowa. Sabi'u ya ce ran Lahadi yakan shigo wajenki. Don Allah ki ɗura masa tuwo da man shanu, ya yi nauyi, su nemi wata gawar.

Yayarki,
Hajara