Akushin da Malam Ya Bari Fari

Litinin, 8 ga Maris, 1976

Salmatu ce ke rubuta min, matar autana, tunda ita ta yi boko. Ni Hajjo ko alif ban sani ba. Ta ce ita ba ta iya rubuta sunan mijinta. Na ce sa Auta kawai, ni ma ai ba na kama sunan ubansa, Allah ya ji ƙansa. Malam za mu ce.

Maganar akushi ce. Shekara arba'in da ɗoriya Malam na sassaƙa, ni ina shafe. Shi ya fafe da gizago, ni in ƙona bayan da ƙarfe mai zafi har ya yi baƙi, sannan man kaɗe, kwana bakwai, kullum shafa ɗaya, a inuwa. Har Gangara ana cewa akushin Malam ba ya tsagewa. Ba su san hannun wa ne ba.

Na ƙarshen da ya fafe bai iso hannuna ba ya kwanta ciwon ajali. Shekara ukku ke nan yana ɗakina, fari fat. Idona ya yi rauni, amma in na sa yatsa ciki ina jin sawun gizagonsa, sara bayan sara. Akwai wurin da hannunsa ya goce, ranar da tarin da ya kwantar da shi ya fara.

Alhamis, 11 ga Maris

Auta ya ɗaga shi ya ce, "Inna, bakin nan ya fara tsagewa. Zafin bana zai raba shi biyu." Na ce na sani. Ya ce to in shafe mana. Na ce sai na shirya.

Salmatu, daina dubana haka. In na shafe shi, aikinmu ya ƙare ke nan. Babu wani bayansa.

Lahadi, 14 ga Maris

Ranar kasuwa. Motoci tun hantsi sun yi layi bakin iyaka, ƙurarsu har cikin miya. Kuɗi sun shigo gari, kowa kabad yake so, wanda zai ga fuskarsa a jiki. Auta a shagonsa na kafinta ba ya ko ɗaga kai. Akwai wani mai na gwangwani da direbobi ke kawo masa daga Maraɗi, barni suke ce masa. Warinsa kamar kananzir.

Gobe zan tafi Magama barka, ɗiyar ƙanwata ta sauka.

Laraba, 17 ga Maris

Na dawo. Rufe littafin nan, yau ba ni da magana.

Alhamis, 18 ga Maris

To rubuta. Jiya ina shigowa Auta ya tarye ni da abu naɗe a zane, yana murmushi kamar ranar da aka fara ɗinka masa riga. "Inna, ga shi, ba zai ƙara tsagewa ba. Shafa ukku na barni na yi masa." Akushin Malam ne, yana ƙyalli kamar madubi. Na sa yatsa ciki. Santsi. Na zagaya, na sake zagayawa. Babu kome.

Na ce, mi za a ci cikin wannan? A zuba tuwo da zafi mutum ya haɗiyi fenti? Ya ce ai ba na ci ba ne, na ajiya ne. Na ce ubanka bai taɓa sassaƙa abin kallo ba.

Ya juya ya fita. Wai bai ci abincin rana ba. Ke ma kina gidan aka ɗauki akushin, rubuta wannan ma.

Asabar, 20 ga Maris

Ya zo da samfefa zai kankare. Allah ya sa ina tsakar gida, na cafke hannunsa. Na ce za ka cinye sawun. Ya ce, "Wane sawu, Inna?"

Ashe bai sani ba. Ina zai sani? Malam da kansa ya tura shi Katsina koyon katako da ƙusa, ya ce sassaƙa ta kusa mutuwa, kwanon Bature ya ci gari.

Na ce a ƙona karan gero a tace toka, a jefa kanwa. Abin da ke cin dauɗar tukunya zai ci wannan. Sai dai icce mai tsaga ba ya son ruwa. Ko sawun ya dawo, ko akushin ya dare. Na faɗa masa haka, na ce Bismillah.

Talata, 23 ga Maris

Kwana ukku shagonsa a rufe. Wani direba ya zo har zaure yana faɗan kabad ɗin amaryarsa, Auta ya ce amarya ta sa kayanta a kwalla kamar uwarta.

Barnin na tashi kamar saɓar maciji. Shi da soso, ni da baki: a hankali, a hankali, ba garwa kake wankewa ba. Sawun ya fito. Ba duka ba, na wajen baki ya riga ya goge su tun ranar da ya shafa. Amma wurin gocewar na nan. Na kama yatsansa na ɗora, na ce nan ne tari ya kama ubanka.

Ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Ya jima.

Tsagar ta ƙaru da gaɓar yatsa guda.

Jumma'a, 26 ga Maris

Ya bushe. Yanzu ba batun sai na shirya, icce ba ya jira. Auta ya ce ko man gyaɗa? Na ce man gyaɗa sai hamami, kiyashi su yi biki. Na man shanu kyanwa ce za ta lashe. Man kaɗe dai.

Tsagar mun cika da ƙaro da garin gawayi. Da ƙarfen ya yi ja na ɗauka, ya yi wa hannuna nauyi. Na miƙa masa, na riƙe wuyan hannunsa ina ja. Hayaƙin da ya tashi... wannan ƙamshin, Salmatu. Har na juya zan ce Malam ya matsa kar ya shaƙa.

Litinin, 29 ga Maris

Shafa ta huɗu. Da tafin hannu, ba da tsumma ba. Iccen na sha kamar mai azumi. Tsagar ta tsaya.

Jumma'a, 2 ga Afrilu

Jiya bakwai ta cika. Baƙi wuluk, ba ƙyalli, amma sa yatsa ki ji, duk suna nan.

Kin tambaye ni inda za a ajiye. Na ce ki tuƙa na gero da miyar kuka ki zuba wa mijinki ciki, in ya sauko daga masallaci. Kin ga yadda ya ci, yana sharce gefe da yatsa, ya tsaya wurin gocewar nan ya sake bi. Sai cewa ya yi, "Inna, gizagon na nan?" Na ce yana ƙarƙashin gado, wa zai ɗauka.

Kujerata 'yar tsugunno kuwa, in barnin nan nasa ya rage, ya shafa mata. Ba a cin tuwo a kanta. Ba wai so nike ba, kar dai ya bushe a gwangwani. Wannan kar ki rubuta.

Na gaji, 'yar nan.

(Ni Salmatu ce. Na ɗauko akushin zan wanke, ta ce in bari tukuna. Hannunta na ciki.)