Bakin da Ya Ƙi Buɗuwa

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka cire wayoyin da aka ɗaure min muƙamuƙi da su tun faɗuwar da na yi a banɗaki. Ƙashi ya haɗe, amma baki ya ƙi buɗuwa. Yatsa ɗaya ke shiga, shi ma da ƙyar. Likita ya ce in bai saki ba zuwa tsakiyar watan gobe, sai tiyata. Da shekaruna, da wannan zuciya tawa mai gardama, na san ba lallai in farka daga allurar barci ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
An tura ni wurin likitar gashin ƙashi, yarinya sa'ar autarmu. Ta zauna tana yi min bayanin gaɓar da ke gaban kunne. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zana ta a allo, ina koya wa yaran da yau ke wuce ni a mota ko ɗaga hannu babu. Na ƙyale ta, tunda ba bakin katse ta. Kuma daidai ta faɗa: kan ƙashin yakan fara juyawa kamar ƙyauren ƙofa, sannan ya zame gaba kamar aljihun tebur, a kan ɗan faifan guringuntsi. Nawa yana juyawa, zamewar ce babu. Tsokokin tauna sun ƙage.
Ta ce sai an riƙa murza su kullum, kuma ba ni zan yi wa kaina ba. Ta dubi uwar yara. Uwar yara ta dubi silin.

Asabar, 8 ga Maris
Uwar yara ta yi. Ta wanke hannu, ta zaunar da ni a kujerar baranda, ta sa na cije haƙora don tsokar kunci ta taso.
"Malam, tun ina amarya nake roƙon Allah ya rufe bakin nan. Yau ga shi ni aka sa in buɗe."
Ashe dariya ma da muƙamuƙi ake yin ta. Na ji a jikina.
Na manta rabon da hannunta ya taɓa fuskata.

Lahadi, 16 ga Maris
Shayi, madara, dakakkiyar ayaba. Maƙwabta na soya nama. Mugunta ce kawai.

Laraba, 19 ga Maris
Na ɗora hannunta a saman kunnena, inda ɗaya tsokar ta bazu kamar mafici. Tana murzawa tana hira. Wai babban ɗanmu ya bar aikin ofis tun bara, ya buɗe shagon gyaran firji, an ɓoye min don kada in yi masa lacca. Wai yana samun rufin asiri, har ya yi ƙiba. Laccar ta taso min har maƙogwaro, babu ƙofar fita. Da ta lafa sai na ga ba ni da abin cewa ma.

Juma'a, 28 ga Maris
Muƙamuƙin ya kumbura, an koma baya. Na yi jifa da cokali. Ta ɗauke. La'asar na yi ta zo. Ta danna fiye da kima, na kuwa san dalili. Da wata ce, da ta bar ni da kayana.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Ƙashin ya zame. Yatsunta na gaban kunnuwana, ita ta riga ni ji. Ta ce in sake, na sake. Sai ta shige kicin ta daɗe, ban ji ƙarar tukunya ba.
Alhamdulillahi. Na faɗa a fili, kuma ta fita sosai.

Talata, 15 ga Afrilu
Yatsu uku sun shiga. Likita ya ce babu tiyata, murzar ma a iya bari. Uwar yara ba ta shiga ba, tana kan benci a waje, gwiwarta ta hana ta hawa bene. Yau na lura da yadda take dafa bango in za ta miƙe.
Ta tambaya, na ce an fasa aikin. Ta rufe ido tana godiya.
"Murzar fa?"
"Ya ce a ci gaba."
"Har yaushe?"
"Bai faɗa ba."
Ta daɗe tana kallona. Da muka iso gida ta ce, "To Malam, je ka zauna, bari in wanke hannu."
Ba ƙarya ba ce can can. Tsoka takan sake ƙagewa, duk wanda ya yi karatu ya sani.
Jibi zan leƙa wurin yarinyar nan mai gashin ƙashi in tambayi yadda ake murza gwiwa. Neman sani ne kawai.