Shuɗiyar Motar Marigayi

Asabar, 6 ga Satumba

Na sayi mota. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta zare. Shuɗiya ce, tsohuwar yayi, amma ko ƙwarzane babu a jikinta, kujerun ma har yanzu da rigunansu. Wata dattijuwa ce ta sayar min, maƙwabciyar abokiyar aikina ta kantin magani. Mijinta ya rasu, motar tana ajiye a gareji, ta ce gara wanda zai more ta ya ɗauka.

Yaya ya ce in tafi da makanike. Ban tafi da shi ba. Da muka shiga garejin, matar ta murza makulli sau ɗaya injin ya tashi, ko tari bai yi ba. Ta ce, "Kullum da safe sai na tayar da ita, 'yata, ban taɓa fashi ba." Wannan maganar ce ta gama da ni. Na zaga layinsu da ita, na dawo, muka daidaita.

Dalilin dai Mama ce. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, Litinin da Alhamis ake yi mata gashin ƙashi a asibiti, masu tasi kuwa da sun hango keken guragu sai su ƙara wuta. Watan jiya fashin da muka yi har sai da mai gashin ta yi min faɗa. Yaya ya ce idan aka ci gaba a haka zai zo ya ɗauke ta ta koma wajensa, can inda sai an wuni a hanya. Ba mugunta ba ce, na sani. Amma ni ba zan iya kallon ɗakin nan babu ita ba.

Litinin, 8 ga Satumba

Mun je mun dawo lafiya. Shigar da Mama motar ne aiki, bayana har yanzu bai daina ciwo ba. Tana zama ta ce min, da bakin nan nata da ya karkace, wai direba a bi a hankali, kayan fashewa aka ɗauko. Rabon da ta tsokane ni tun kafin ciwon.

Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa ta ciki. Ba komai.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ta yi mana tsiya. Muna tsakiyar cunkoso na ga allurar zafi ta haura ja, kafin in gama tunanin abin yi tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin murfin injin. Na baya sai hon suke min kamar ni na ƙirƙiri motar. Wasu mutum biyu suka tura mu gefe, Allah ya saka musu. Mama tana baya, zufa ta jiƙe mata wuya.

Ba mu je gashin ba. Na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na fito na dafa mata shayi. Ban kira Yaya ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

An ja ta zuwa wajen makanike, wanda yake bayan kantinmu. Mutumin kirki ne, sai dai komai zai faɗa sai ya fara da dogon tsaki. Ya matsa wani tiyo da yatsu biyu, abin ya dare kamar busasshen ganye. Ya nuna min tayoyin, ashe duk sun tsattsage a gefe, ni zanensu kawai na duba. Ya tambaye ni ko a ɗaki aka kulle motar shekara da shekaru. Na ce kullum ana tayar da ita. Ya ce tayarwa daban, tafiya daban.

Babbar matsalar famfon ruwan injin ne, ya ci tsatsa. Irin na wannan motar kuma ya yi wuya a kasuwa, sai an aika an nemo. Yaushe? Tsaki.

Litinin, 15 ga Satumba

Tasi. Mun tsaya a bakin titi har lokacin ganin mai gashin ya wuce. Fashi na biyu ke nan a jere.

Talata, 16 ga Satumba

Mama ce ta gaya wa Yaya da kanta, a waya, ba da nufin kai ƙara ba. Labari take ba shi na yadda motar ta yi hayaƙi, har da dariyarta. Ya ce a ba ni wayar.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ƙanwata, kin yi iya ƙoƙarinki. Asabar ta ƙarshen wata zan zo, ki haɗa mata kayanta." Na ce to. Na fi jin haushin da bai ce ai na gaya miki ba.

Duk matar nan ce ta ja min. Ta zauna da fuskar salihai ta sayar min da gawa.

Laraba, 17 ga Satumba

Na je gidanta kafin in wuce aiki. Duk hanya ina shirya maganganun da zan faɗa, masu zafi, har da wanda zan rufe da shi in juya.

A garejin na same ta. Babu komai a ciki sai baƙin tabon mai a siminti da wata kujerar roba, tana zaune a kai da kofin shayi. Ta ga ni ta miƙe da murna, ta leƙa bayana tana neman motar. Nan na fara zubo nawa: tiyo, famfo, tayoyi, uwata a tsakiyar titi cikin zafi. Na ce ta san halin motar ta yi shiru.

Ta ce ai ta gaya min kullum tana tayar da ita. Na ce yaushe rabon ta fita da ita? Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani.

"Ni ban iya tuƙi ba, 'yata. Shi ne yake tayar da ita da safe ya bar ta tana aiki har ya gama shan shayi. Da ya rasu sai na ci gaba. Na ɗauka abin da mota take buƙata ke nan."

Tun bayan rasuwar mijin, motar ba ta taka ƙofar gidan ba sai ranar da na zaga layi da ita. Mai ma a jarka ake sayo mata ta zuba. Ta tambayi yaya jikin Mama, idonta ya ciko, ta ce in dawo mata da motar kawai ta mayar min da abina. Saurin da ta yi wajen faɗin in dawo da ita ne ya tsaya min a rai.

Ban faɗi maganar rufewar ba. Na ce zan yi tunani, na fito. Har yanzu ina jin haushi, amma na rasa inda zan ajiye shi.

Alhamis, 18 ga Satumba

Mun samu mai tasi ɗaya mai tsoron Allah, mun je. Mai gashin ta ce hannun ya fara sanƙarewa. In na mayar da motar, na koma bakin titi ke nan. In na riƙe, babu famfo. Ko ta ina Yaya ne da gaskiya.

Asabar, 20 ga Satumba

Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, matar motar, da wani ƙaton kwali da mai tasi ya taya ta saukewa. Abokiyar aikina ce ta kwatanta mata gidan, zan gamu da ita.

Ta ce tun da na tafi ba ta sami sukuni ba, sai ta tuna da kwalin nan a ɗakin ajiya. Marigayin ne ya sayo kayan ana saura kwanaki ya kwanta ciwo, ya ce Asabar mai zuwa zai kai motar a yi mata gyara gaba ɗaya. Ita ba ta san mene ne a ciki ba, ƙarafa ne dai da robobi, kuma ba ta taɓa iya buɗewa ta duba sosai ba. Ta ce ko da abin da zai yi amfani.

Na ce ta shigo ta sha ruwa. Ta shiga ta gaida Mama, shi ke nan na zama baƙuwa a gidanmu. Suka hau hira kamar tare suka tashi, ita tana gane maganar Mama fiye da yadda wasu 'yan uwa suke ganewa. Da zan tayar da Mama zuwa kan keke sai ta ce in dakata, haka zan karya bayana. Ta naɗe tawul ta zagaya shi ta ƙugun Mama, ta tokare gwiwar Mama da tata gwiwar, ta ce mu lissafa tare. Mama ta tashi kamar ba ita ba. Ta daɗe tana jinyar mijinta, a nan ta koya.

Lahadi, 21 ga Satumba

Mama tana ta tambayar yaushe ƙawarta za ta dawo. Ƙawa kuma, daga wuni ɗaya.

Talata, 23 ga Satumba

Jiya bayan mun dawo daga gashi, a tasi, na kai wa makanike kwalin. Ya buɗe, karo na farko da na ga bai yi tsaki ba. Famfon yana ciki, sabo fil a ledarsa, da bel da tiyo guda biyu. Tiyo ɗaya ya bushe shi ma, amma wannan ana samu a kasuwa. Ya ce mai motar nan ya san abin da ke damunta, lokaci ne bai ba shi ba.

Yau ya ɗaura, ya wanke lagireto, ya yi mata juyen baƙin mai. Ya ce kada in yi gudu da waɗannan tayoyin, kuma ƙofar baya sai dai haƙuri.

Na kira matar na gaya mata famfon ya yi. Ta ce, to ya cika alkawarinsa ke nan.

Alhamis, 25 ga Satumba

Tun kafin mu shirya matar motar ta iso, wai ta zo taya ni ɗaga Mama ne kawai. Da muka gama sai ta tsaya a jikin motar tana shafa rigar kujerar gaba ta taga. Mama ta ce ta shigo mana, tsayuwar me take yi. Ta shiga baya kusa da ita.

Idona rabi a kan titi rabi a kan allurar zafin nan. Allurar ba ta motsa daga tsakiya ba. A madubi na ga sun riƙe hannun juna, matar tana kallon waje hawaye na zuba, Mama tana bubbuga mata cinya da hannunta mai lafiya. Ashe ita ma rabonta da ta zauna a motar tana tafiya tun yana raye.

Mun isa da sauran lokaci. Mai gashin ta tambaya ko ƙanwar Mama ce, babu wanda ya gyara mata.

Asabar, 27 ga Satumba

Yaya ya zo. Ban haɗa kayan ba.

Ya zaga motar yana dukan tayoyin da ƙafa, ya buɗe murfin injin ya daɗe yana kallo, ni na san bai fi ni sanin abin da yake kallo ba. Ya shiga wajen Mama suka rufe ƙofa. Abin da na jiyo kawai muryarta tana cewa ita tana da direba kuma tana da ƙawa, a ƙyale ta. Da ya fito bai kalle ni ba, ya ce in ba shi makullin.

Na ba shi, ya fita da motar. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo, tayoyi huɗu sababbi a ƙafarta. Ya miƙo min makullin ya ce, "Mu ga wata ɗaya." Na ce na gode Yaya, na shiga zuba masa godiya. Ya ce in daina, kuma wani karon in ji magana in tafi da makanike. Sai da ya faɗa dai.

Mama tana ɗakinta. Ina jin numfashinta daga nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ba mu yi fashi ko ɗaya ba tun ranar. Yau Mama ta riƙe cokali da hannun, ya faɗi, ta sake ɗauka.

Motar tana nan da halinta. Yanzu kuma gilashin gefena ne yake maƙalewa, hon ɗin ma sai ya ga dama. Ban yafe cewa an sayar min da aiki ba, kada wani ya ɗauka na yafe.

Ranakun gashi nakan fita da sassafe in ɗauko Inna, haka nake kiran matar motar yanzu, don ta taya ni da Mama, ba wani abu ba. In na isa sai in shigar da motar garejin in kashe, in miƙa mata makullin in ce zan ɗan gyara ɗankwalina. Ita take tayarwa. Mukan bar injin yana aiki har ta gama shayinta, ni ma yanzu tana ajiye min kofi. Makanike ya ce ɓarnar mai ce, na ce na ji.

Yaya ya tambaya a waya ko ɗauko ta ba ya ba ni wahala. Na ce masa ai gidanta a kan hanya yake. Ba a kan hanya yake ba.