Silifan Isuhu a Bangon Baba Usman

Zuwa ga yayana kuma abokina, Malam Isuhu, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da gwiwar nan taka da ta raba ka da Jidda. Mu nan unguwar Nuzla lafiya lau, sai zafi da kewarka.

Na rubuto maka a fili ne saboda saƙon muryar da ka turo min kwanaki. Ka ce ka san mun manta da kai. Ka yi dariya a ƙarshe, amma na san dariyarka ta gaske, wannan ba ita ba ce. Maganar ta tsaya min a rai. To gyara zama ka sha labari.

Ka san al'adarmu, amma bari in maimaita don masu leƙen wasiƙar mutane. Duk wanda ya tsufa yana buga ƙwallo a filinmu na bayan masana'antu, in ya ajiye wasa, dattawa kan zauna su duba ko ya cancanci a rataye takalminsa a bangon shagon shayin Baba Usman. Ba kowa ke samu ba. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna gudu a rana, aka ba su shayi kyauta aka sallame su. A wajenmu babu kofin da ya kai ƙusar nan daraja.

Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi wasa, na kawo sunanka.

Ka san wanda ya fara tsalle. Alhaji Sale na Chadi, tsohon mai cin ƙwallonmu, wanda takalminsa ne na farko a bangon kuma bai taɓa bari mu manta ba. Ya ce, "Yalla, maza a faɗa min ƙwallo nawa ya ci." Yaya, ka yafe min, na kasa riƙe dariya. Duk mun tuna guda ɗaya tilo da ka taɓa ci, ranar da muka kara da mutanen unguwar Sa'alaba. Ka ɗaga hannu kana murna, sai da ka ga mai tsaron gidanmu ya dafe kai kafin ka gane ragarmu ce.

Na ce musu mai tsaron baya ba a auna shi da abin da ya ci. Na tuna musu yadda kake fitowa daga sito bayan ka wuni kana ɗaukar kaya, ka cire silifa, ka shiga tsakuwa mai zafi da ƙafarka tsirara. In an yi maka magana ka ce, "Takalmi yana hana ni jin abin da ƙwallo ke faɗa." Na tuna musu 'yan gaba da ke sauya ɓangare in sun hango ka. Na tuna musu yadda, in rigima ta tashi, kake zama a kan ƙwallo har kowa ya ji kunya ya huce.

Kawuna sun fara gyaɗawa. Sai Alhaji Sale ya fito da abin da ya ɓoye. Ya ce, "Ƙusa ta takalmi ce. Mutumin da bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba, me za mu rataya? Ƙafarsa?"

Wallahi maganarsa gaskiya ce. Na fara tunanin yadda zan faɗa maka an hana ka.

Baba Usman duk zaman nan shayi kawai yake zubawa. Sai ya ajiye buta, ya jawo buhun da muke zuba ƙwallaye, ya zura hannu, ya fito da silifa shuɗi mai cinyayyiyar dunduniya. Ya ce, "Ya Sale, shibshib ɗin nan na wa?"

Naka ne, Yaya. Ka tuna filinmu ba shi da turakun raga. A gefe ɗaya bulo muke sawa, kuma kullum sai an samu mai tura shi da ƙafa a ɓoye. A ɗaya gefen silifanka ne raga, tun kafin gemunmu ya yi fari. Duk wanda ka saya, can yake ƙarewa, kuma ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin matsar da shi. Ranar da za ka tafi, motar filin jirgi ta zo ana tsakiyar wasa. Ka ari takalmin direba, ka ce, "Ku bar su a nan, kada a tsayar da wasa saboda ni." Tun ranar ba mu sauya su ba.

Baba Usman ya dubi Alhaji Sale ya ce, "Ƙwallayen da kake cika mana kunne da su, ta tsakanin silifan Isuhu suka bi. In ba su, wa zai yarda ka ci?"

Shagon ya kaure da shewa. Alhaji Sale ya karɓi silifan ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo. Ya yi dariya har ya share ido da gefen hularsa, ya ce, "Halas, shi ke nan, a kawo guduma." Shi da kansa ya kafa ƙusar, kusa da tasa. Ya buge babban yatsansa, kuma ban ga wanda ya yi masa sannu ba.

Na yi murna, Yaya, irin wadda na daɗe ban yi ba. Na so a ce kana kan bencin nan naka na bakin ƙofa.

Ƙafar hagu muka rataya. Ta dama na naɗe ta a leda mai kyau, tana cikin jakar wani ɗan garinku da zai taso mako mai zuwa. In ta iso, ka faɗa wa Hajiya kada yara su mai da ita takalmin banɗaki. Ka nemi ƙusa.

Allah ya sassauta maka ciwon gwiwa, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya zuri'a. Allah ya sa mu sake zama inuwa ɗaya, in ga dariyar nan taka ta gaske da idona. Amin.

Ƙaninka da ba ya mantuwa,
Habu, daga Nuzla.