Layuka Takwas a Kan Katin Salmanu

New Bell, Duwala
Litinin

Zuwa ga Hajiya, Maman Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mai jego da sabon angon naki da ya hana ki dawowa. Yaya ruwan zafi? Yaya gwiwarki da sanyin Ngaundere? Mu nan lafiya lau. Ruwan sama yana nan inda kika bar shi, lungunmu ya koma rafi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Yelwa direban albasa, alhali shekara ashirin rabona da rubuta miki. Wayata ce take hannun hukuma. Ki zauna tukuna, kada ki tayar wa yarinya hankali.

Ranar Alhamis aka kawo mini takardar kira. Na sa babbar riga, na hau bensikin, acaɓar garin nan, da lema a kaina, na tafi ofishin hukumar. Na tarar da wata madam mai tabarau, wadda ba ta girmi Najiba ba. Ta ba ni kujera, ta juya mini fuskar na'urarta, ta tambaye ni layukan waya nawa gare ni. Na ce ɗaya. Ta ce takwas. Na ƙirga, na ga ita ce mai gaskiya.

Kin san yadda abin ya faru. Tun da aka ce ba a sayar da layi sai da katin shaida, duk baƙon da ya sauka gidan nan ba shi da takarda, ni nake raka shi, in miƙa katina, a rubuta sunana. Ban taɓa ɗaukar wannan wani abu ba. Baba yana ba baƙo ruwa da tabarma, yana tsaya masa a kasuwa, ni kuma na ƙara da layi. Har naki ma yana cikin takwas ɗin.

To, madam ta ce ɗaya daga cikinsu ne ya fara aika wani saƙon murya da ya karaɗe gari, wai duk Bahaushen da ya je karɓar katin zaɓe za a binciki asalinsa, a loda shi a mota zuwa iyaka. Ta ce ƙarya ce, ta hana mutane da yawa fita, kuma doka tana ɗaure mai yaɗa irin wannan. Jibi zan koma a kunna mini.

Ki gai da surukinmu. Ki shafa mini kan abokin takarata.

Naki,
Salmanu


Asabar

Maman Najiba,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya. Yaji ya iso? Na ba Yelwa ƙulli biyu, idan ɗaya ya kawo, ki tambaye shi ɗayan.

Na koma, an kunna mini. Muryar mace ce. Madam ta dube ni ta saman tabarau ta ce ba ta zaton tawa ce. Na ce ko a ƙuruciyata ban kai nan ba. Ta yi dariya, sannan ta daina, ta tambaye ni ko na san mai ita.

Hajiya, kafin ta gama sallama na gane ta. Asta ce, mai wainar ƙofar gidanmu. Har ƙarar cokali a kan tanda ana ji. Layin marigayi Mudi ne, mijinta, wanda na yanka masa shekarar da ya fara jinya. Da ya rasu ta gaji wayar da abin da ke cikinta.

Na ce wa madam kunnena ya tsufa. Ba ta yarda ba, ni ma ban yi tsammanin za ta yarda ba. Ta ba ni mako biyu in kawo suna, in ba haka ba takarda ta wuce kotu da nawa.

Da na dawo ban shiga gida ba, na zauna a bencin Asta na sayi waina. Ban daɗe ina kewaye-kewaye ba ta fashe da kuka. Ashe a gidan suna ta ji mata suna maganar, ta aika wa 'yarta Kausar a unguwar Yassa don ta yi hattara. Kausar ta tura wa ƙawa, ƙawa ta tura wa 'yan adashi, kwana uku sai ga saƙon ya dawo wa Asta daga wata mata a kasuwar Marché Dakar, da gargaɗin ta saurara da kyau.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, Asta ba ta ƙirƙiri tsoron nan don ta ɓata wa kowa zaɓe ba, nata ne. Ba ta da takardar haihuwa, ba ta da kati. Mahaifinta daga wajen Zariya ya zo, ya sauka wurin Baba. Ita kuwa ko Yawunde ba ta taɓa wucewa ba. Idan na faɗi sunanta, tambayar farko ita ce ina takardunki. Ban san ta biyu ba, kuma ba na so in sani.

Ɗanmu Nuru ya kira ta wayar maƙwabci yana faɗa. Ya ce ni ba lauya ba ne, ba kuma waliyyi ba, in ba da suna in huta. Na ce masa a gidan kakansa ba a taɓa miƙa baƙo ba. Ya ce kakansa bai yi zamani da na'urar da ke tuna komai ba. Shekaruna saba'in da uku, da ciwon sukarin nan, ina jin tsoron gidan yari, ba zan ɓoye miki ba. Duk lokacin da na wuce ta gefen katangar gidan yarin nan na unguwarmu, sai in ga ta ƙara tsawo.

Ki sa ni a addu'a. Kada ki taso, ki cika arba'in ɗinki.

Mijinki,
Salmanu


Laraba

Hajiyata,

Assalamu alaikum. Na samu amsarki, na gode, har da faɗan. Ina fata kowa lafiya, angon kuma ya fara barinki ki rintsa.

Kin tambaya ko ni na kashe miki waya. Ba ni ba ne. An rufe layuka bakwai, naki a ciki.

Layi ɗaya na wasiƙarki ya fi dukan shawarar da na sha a masallaci. Kika ce, wace irin baƙuwa ce aka haifa a ɗakin kwana na gidanku? Na karanta na ajiye, na sake ɗauka. Ni na riƙe ƙafar ragon sunanta, ina da shekara goma sha biyar, har ya haure ni a haƙarƙari. Shekara hamsin da takwas ina kiranta baƙuwa don ubanta baƙo ne.

Na je wurin wani lauya ɗan Garwa. Ya ce wanda ba a rubuta haihuwarsa ba, kotu tana iya ba shi hukunci a madadin takardar, in dai akwai shaidu. Na ce ga ni. Na biyu shi ne Husaini wanzami, wanda ya yi mata askin suna. Kin san kunnensa ya tafi, amma kansa garau. Da muka je kotu, magatakarda ya tambaye shi shekara, sai ya ba shi ranar, da launin ragon, da sunan matar da ta ƙona tuwo. Sai da aka roƙe shi ya tsaya.

An karɓi takardunmu, an ba Asta rasit, za a saurare mu wata mai zuwa. Ta sa na karanta mata sunanta a jiki sau uku. Sannan ta naɗe shi a leda, ta ɗaure a bakin zane, ta ce mini, "Yaya, yanzu mu tafi wurin matar nan mai tabarau."

Na ce ta bari in ƙara tunani. Ta ce na ara wa mijinta sunana har ya mutu, ita ba za ta tsufa a cikinsa ba.

Muka tafi jiya. Ban faɗi sunanta ba, ita ta faɗa da bakinta, ta ajiye rasit a kan tebur. Madam ta daɗe tana dubawa. Ba ta ce an yafe ba, kada in yi miki ƙarya. Maganar saƙo tana gaban mai gabatar da ƙara, ni kuma zan amsa tambaya a kan layukan. Amma ba wanda ya ambaci iyaka. An sa Asta ta yi sabon saƙo tana janye na farko, Kausar ta tura wa 'yan adashi. Wannan kam bai yi gudun wancan ba.

Yau da safe wani ɗan albasa daga Marwa ya ce in taimaka masa da layi. Na ce ya ci tuwo, ya kwanta, gobe in raka shi inda ake neman kati.

Ke ma haka. Na binciko katinki a ƙasan kwallar da kike ɓoye turare, ya mutu tun shekara huɗu. Ki zo da hoto mai kyau, ba irin wancan da kika ɗaure fuska ba. Kafin nan, ki ci gaba da ba Yelwa takarda. Na lura kin fi yi mini magana a rubuce.

Ki gai da Najiba. Allah ya raya yaro, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki har kullum,
Salmanu